Kwamfutar wasa: yadda ake zaɓen katin hoto da furosesa kada kuɗi su salwanta

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, wasan bidiyo bai tsaya kan wayar hannu da PlayStation ba. Akwai samarin da ke tara kuɗi wata da watanni don su haɗa kwamfutar wasa ta kansu. Akwai masu gidajen wasa na unguwa da ke son ƙara injuna. Akwai kuma masu ɗaukar hoton buki da ke neman na'ura ɗaya wadda za ta tace musu bidiyo da rana, da dare su buga ƙwallo a kanta. Dukansu tambaya guda suke tarar da ita a gaban mai shago: wane katin hoto, wace furosesa?

Kuskure a nan yana da tsada. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, saboda haka katin da ake sayarwa yuro 300 a Faransa ya riga ya kai kusan jika 197 tun bai baro Turai ba, kafin a ɗora kuɗin dako, na duwan da ribar ɗan kasuwa. Kuma kayan da aka ɓare aka ɗaura, da wuya mai shago ya yarda ya karɓe su. Abin da mai saye zai riƙe shi ne, kwamfutar wasa ta ƙwarai ita ce wadda kayanta suka dace da juna, suka dace da allon da za a jona mata, kuma suka iya jure zafin bazara da ɗaukewar wuta. Babbar lamba a jikin kwali ba ta tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Rabon aiki tsakanin su biyun

Furosesa ita ke lissafin abin da ke faruwa cikin wasa: inda ƙwallo za ta faɗa, yadda ƴan wasa 22 ke motsi a fili, da abin da mai wasa ya danna. Katin hoto, wanda masu shaguna ke kira kart garafik, shi ke zana sakamakon a allo. Don wasa ya tafi sumul, ana son a zana hoto 60 a kowace daƙiƙa, wato kowane hoto yana da kusan kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa kafin na bayansa ya iso.

Aikin nasu kamar na shagon tela ne, ɗaya na yanka, ɗaya na ɗinki. Idan mai yanka yana da nawa, mai ɗinki zai zauna yana jira komai tsadar kekensa. Idan mai ɗinki ne mai nawar, yankakken yadi zai taru a tebur. A yawancin wasanni katin hoto ne ke fara gajiya, shi ya sa masu haɗa kwamfuta suke ba shi kaso mafi tsoka: daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin kuɗin akwatin duka. Furosesa kuma takan ci wajen rabin kuɗin katin. Wanda ya juya wannan lissafi, ya sayi furosesa mai tsada da ƙaramin kati, ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai gani a allo ba.

Akwai inda lissafin ke ɗan sauyawa. Wasannin gasa irin su Counter-Strike 2, Valorant da Fortnite ba su da nauyin zane sosai, amma masu buga su na neman hoto 144 ko fiye a daƙiƙa, kuma a nan furosesa ce ke shan wahala.

A fara da allo da irin wasan

Kafin a tambayi kuɗin kati, a duba allon da ke ɗaki. Allon 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 2 da ɗan wani abu. Na 1440p yana da miliyan 3,7. Na 4K yana da miliyan 8,3, ninki huɗu na 1080p. Kowane ɗigo aiki ne a wuyan kati, saboda haka katin da ke gudu a 1080p zai iya rarrafe a 4K.

Abu na biyu shi ne saurin allon, wanda ake aunawa da Hz. Allon 60 Hz hoto 60 kaɗai yake iya nunawa a daƙiƙa, ko da kati ya zana 200. Yawancin tsofaffin allunan ofis da talabijin na gida 60 Hz ne. Mai irin wannan allo ba ya buƙatar babban kati, in ba yana da niyyar sauya allon ba.

Sai irin wasan. GTA V ya fito a kwamfuta tun 2015. Shi da eFootball, da EA Sports FC wanda aka sani da FIFA har zuwa 2023, ƙaramin kati na zamani yana ɗaukar su a 1080p ba tare da wahala ba. Masu nauyi su ne irin Cyberpunk 2077 da Black Myth: Wukong. Wanda kuma ke shirin haɗa na'ura saboda GTA VI ya sani cewa lokacin da kamfanin Rockstar ya sanar da wasan, PlayStation 5 da Xbox kaɗai ya ambata.

Yadda ake karanta sunan kati

Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwaƙwalwar katunan wasa: Nvidia mai GeForce, AMD mai Radeon, da Intel mai Arc. Sunaye irin su Asus, MSI, Gigabyte, Zotac ko Sapphire na waɗanda ke ɗaura ta a faranti ne su sa mata fanka. RTX 4060 na MSI da na Zotac ƙarfinsu kusan ɗaya ne, bambancin yana wajen sanyaya da ƙara.

A sunan RTX 4060, lambar 40 zubi ce, 60 kuma matsayi a cikin zubin. Matsayin yakan fi zubin nauyi: RTX 3080 na 2020 ya fi RTX 4060 na 2023 ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da ya girme shi. Ga katunan matsakaicin kuɗi da aka fi cin karo da su:

- RTX 3060, na 2021: giga 12, yana cin wat 170.
- RX 6600, na 2021: giga 8, wat 132.
- RX 7600, na 2023: giga 8, wat 165.
- RTX 4060, na 2023: giga 8, wat 115.
- Arc B580, na ƙarshen 2024: giga 12, wat 190.
- RTX 5060, na 2025: giga 8, wat 145.
- RX 9060 XT da RTX 5060 Ti, na 2025: kowanne yana da mai giga 8 da mai giga 16.

Gigan nan na ma'ajiyar katin ne, inda yake ajiye zanen da yake aiki da shi. Giga 8 na isa ga yawancin wasanni a 1080p, amma wasu sababbi sun fara matse shi, sai an rage kyan hoto. Mai allon 1440p ya nemi 12 ko 16. Sai dai giga kaɗai ba ƙarfi ba ne. Ana sayar da GT 730 mai giga 4, a yi ta tallar gigan, alhali kati ne na ofis da ba ya iya jan wasan zamani. Babban rumbu ba ya sa jaki ya zama doki.

A kuma lura da katunan da ke da suna ɗaya amma ciki daban. GTX 1060 yana da mai giga 3 da mai giga 6, RTX 3050 yana da mai 6 da mai 8, RTX 3060 yana da mai 8 da mai 12. A duka ukun, mai ƙaramin gigan ya fi rauni ko a gudu. Idan mai shago ya ce "3060 ne", tambaya ta gaba ita ce: mai giga nawa?

Masu tace bidiyon buki sukan karkata ga Nvidia, don manhajoji irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve sun daɗe suna tafiya da katunansa lafiya. Wanda wasa kaɗai ya sa gaba, sau da yawa AMD na ba shi ƙarfi ɗaya a kuɗi ƙasa da haka. Katunan Arc kuwa suna son kwamfuta ta zamani, a kan tsohuwar furosesa ba sa ba da ƙarfinsu duka.

Tarkon "i7"

Babu kalmar da ta ci kuɗin mutane a kasuwar kwamfuta kamar "i7". Sunan yana nan tun 2008, kuma kowane zubi yana da nasa. Core i7-3770 na 2012 ne, mai zukata huɗu, wato sassa huɗu masu aiki lokaci guda. Core i3-12100 na 2022 ita ma zukata huɗu gare ta, amma ta fi waccan i7 ɗin gudu sosai. Lambar da ke bayan layin ita ce ke faɗin shekaru: 3770 zubi na 3, 8400 zubi na 8, 12400 zubi na 12.

Zubin yana da wani tasirin kuma. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida yana neman Intel daga zubi na 8 ko Ryzen daga jerin 2000, tare da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Wasanni irin Valorant suna bincikar wannan sashe a kan Windows 11 kafin su buɗe.

Ga wasa, zukata shida na zamani sun wadatar. Uku ne suka yi suna a wannan matsayi, kuma dukansu an ƙayyade su a wat 65: Ryzen 5 5600, Core i5-12400F da Ryzen 5 7600. Harafin F a sunan Intel yana nufin ba ta da sashen hoto na kanta, sai da kati allo zai kawo. Haka Ryzen 5 5600 take. Ita kuwa 5600G tana da ɗan sashen hoto a ciki, wanda ke iya jan ƙananan wasanni kafin mutum ya tara kuɗin kati. A can sama akwai Ryzen 7 7800X3D da 9800X3D, waɗanda suka yi fice a wasa, amma ba su da ma'ana sai tare da babban kati da allo mai sauri.

Furosesa ba ta zuwa ita kaɗai. Kowace tana da gurbin da take shiga a jikin uwar kati, babban farantin nan da masu gyara ke kira kart mer. Ryzen 5600 tana shiga gurbin AM4 tare da ram DDR4. Ryzen 7600 tana shiga AM5, kuma DDR5 kaɗai take karɓa. Intel zubi na 12 zuwa 14 suna shiga LGA1700, inda wasu farantan ke ɗaukar DDR4, wasu DDR5. Dole a haɗa kuɗin ukun, furosesa, uwar kati da ram, kafin a ce wannan ta fi waccan araha, balle tun ƙarshen 2025 da farashin ram ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na kwashe shi. Giga 16 shi ne ma'auni, kuma ya fi kyau ya zo sanda biyu masu giga 8 da sanda ɗaya mai 16, don hanyoyi biyu sun fi ɗaya sauri.

Masu neman babbar Intel ta hannu su yi hattara. A 2024 kamfanin ya amince cewa wasu furosesa na zubi na 13 da 14, musamman manyan i7 da i9, suna karɓar wutar da ta wuce ƙima har su lalace a hankali. Ya fitar da gyara, ya ƙara garanti na shekara biyu, amma wadda ta riga ta taɓu ba ta warkewa.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

Gwaje-gwajen da ake gani a YouTube yawanci a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25 ake yin su. A Nijar, cikin Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Idan ɗaki ya ƙara digiri 15, kati ma zai ƙara kusan haka. Katin da ke tsayawa a digiri 70 a Turai zai iya kai 85 a Tawa, kuma daga wajen nan yake fara rage gudu don ya kare kansa. Furosesa na AMD da aka ambata a matsakaicin matsayi iyakarsu digiri 90 zuwa 95 ne, na Intel 100.

Shi ya sa yawan wat yake da muhimmanci a nan fiye da ƙasashen sanyi. Duk wat ɗin da na'ura ta ci, zafi yake komawa a cikin ɗaki. RTX 5090 yana cin wat 575, kamar a kunna ɗan rishon lantarki ne kusa da ƙafa. Ko tsakanin ƙanana akwai tazara: RTX 4060 ya ɗan fi RTX 3060 gudu, kuma yana cin wat 55 ƙasa da shi. Ga mai gidan wasa da injuna goma masu aiki awa goma a rana, wannan tazara ta kai kilowat-awa 165 a wata, a takardar Nigelec ko a man janareto.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta biyu. Tana toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi, har fanka ta riƙa juyawa a banza. A zaɓi akwati mai raga a gaba da matatar ƙura, da fanka biyu masu shigo da iska da ɗaya mai fitarwa. A ɗora shi kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa. A riƙa hure shi da abin hura iska a kai a kai, ana riƙe da fankar don kada ta yi ta juyawa.

Sai akwatin wuta, wanda ake kira alimantasiyo. Nan ne mutane suka fi yin tsimi, kuma nan ne tsimin ya fi cutarwa, don idan ya ƙone yana iya tafiya da kati da uwar kati. Araha ba ta ado. Ga katunan da aka lissafa a sama, mai wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani, mai tambarin 80 Plus Bronze, ya isa. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga na'ura.

Tun da wuta na ɗaukewa, tana kuma hawa da sauka musamman a bazara, ondila ba kayan ado ba ce, cikin kuɗin kwamfutar take. A lura cewa VA da aka rubuta a jikinta ba wat ba ne: mai 650 VA yawanci ba ta wuce wat 360 zuwa 390. Kwamfutar wasa da allonta suna son mai 1000 VA ko fiye. Aikinta ta ba da ƴan mintoci a kashe na'ura lafiya, ba a ci gaba da wasa ba.

Kayan hannu da na jabu

Kaya da yawa da ke shigowa daga Kano, Legas, Dubai ko Chaina na hannu ne, kuma sayensu ba laifi ba ne idan an gwada. Tun Satumba 2022, da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogara da katunan hoto, katunan da suka shekara suna haƙo dare da rana suka cika kasuwannin duniya, musamman RX 580 da jerin RTX 30. Wasu na aiki lafiya, wasu fankarsu da ma'ajiyarsu sun gaji. Akwai kuma na jabu: tsohon GTS 450 na 2010 da aka sauya wa suna a ciki har Windows ya nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Haka nan RX 580 mai ɗauke da alamar 2048SP, a ƙarfi RX 570 ne.

Gwajin ba shi da wuya. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, kuma tana tona da yawa daga cikin na jabu. CPU-Z na yin haka ga furosesa. Bayan su, a kunna wasa mai nauyi ko manhajar FurMark na minti 20 zuwa 30 a gaban mai shago, ana kallon zafi. Ɗigo masu launi, layuka a allo, ko na'ura ta mutu da kanta, duk alamun a bar kayan ne. A nemi rasiɗi mai ɗauke da lambar katin da kwanakin garanti a rubuce.

Wata hanya da ta yaɗu ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP ProDesk, a ƙara mata kati. Tana yiwuwa, amma sirara daga cikinsu akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa bai wuce wat 180 zuwa 240 ba, kuma gajeren kati kaɗai ke shiga. Abin da ya dace da su shi ne kati mai shan wuta daga gurbinsa kawai, kamar gajeren GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da amfani ɗaya babba, batirinta na tare ɗaukewar wuta. Amma katinta ba ya sauyuwa, kuma suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne: RTX 4060 na cikinta ana iya ƙayyade shi daga wat 35 har 115, gwargwadon yadda kamfani ya ga dama.

Haɗi uku da suka dace da juna

Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke son ƙwallo, GTA V da Fortnite a 1080p: Ryzen 5 5600 ko Core i3-12100F, da RX 6600, da ram giga 16. Wannan haɗi ya dace da gidan wasa, don ba ya cin wuta da yawa.

Ga mai son sababbin wasanni a 1080p da tace bidiyo: Core i5-12400F ko Ryzen 5 5600, da RTX 4060 ko RTX 5060. Wanda ya fi damuwa da faɗin ma'ajiya zai iya ɗaukar RTX 3060 mai giga 12.

Ga mai allon 1440p da ke son na'ura ta daɗe: Ryzen 5 7600 a kan AM5, da RX 9060 XT ko RTX 5060 Ti mai giga 16, da ram giga 32 idan aljihu ya yarda.

A duka ukun, a sa SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, kuma a cire kuɗin akwatin wuta da ondila tun farko, abin da ya rage shi za a raba wa kati da furosesa. Idan kuɗi sun gaza, gara a sauka mataki ɗaya a kati da a bar na'urar jika ɗari huɗu ko biyar ba kariya. Ranar da aka kai ta gida kuma, a tabbata wayar allo ta shiga bayan katin hoto, can ƙasa, ba ramin uwar kati na sama ba. Wannan ɗan kuskure ya sa mutane da dama sun koma shago da faɗa, alhali katin nasu lafiyarsa ƙalau.